Matamaye: Tsakanin Askar Wanzami da Allurar Zamani

Hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Damagaram tsohuwar hanyar fatake ce. Mota za ta bi da kai Kazaure, ta ratsa Daura, ta kai ka Kwangwalam, inda ƙasar Najeriya ta ƙare. Idan ka gama da jami'an shige da fice ka tsallaka Ɗan Barto, ka gaisa da jandarmomi da 'yan duwan, babban garin da za ka fara tararwa shi ne Matamaye. Yawancin matafiya ba sa sauka. Su sayi rake ta tagar mota, su wuce Kance da Takeita, su kwana a Damagaram, wadda ba ta kai kilomita 100 daga nan ba. Ni kuwa nan na nufa, domin akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina. Jama'armu sun yi nisa wajen barin tsagar gado, har yaro ya tashi bai san zanen gidansu ba. To me ya sa 'ya'yan waɗanda suka ajiye aska suka koma sha'awar zanen allura irin na 'yan ƙwallo da mawaƙan Turai? Na ga ya fi dacewa in kai tambayar inda tsofaffin fuskoki ke da yawa, samari kuma suke yawan fita duniya.

Matamaye ita ce hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, gunduma mai ƙananan hukumomi 9, cikinsu har da Kance, Ɗan Barto, Tsauni, Yawuri, Kurni da Dungu. Tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Tudu na ba da gero da wake da gyaɗa, fadamun Korama kuma na ba da rake da kayan lambu. A kasuwa naira da sefa tare suke yawo, mai talla na yi maka lissafi da duk wadda ka miƙa. Ƙasa ce da ta zauna tsakanin Daura da Damagaram, ta ga zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa Damagaram har rasuwarsa a 1884, ta ga shigowar Faransawa a 1899. Da Ingila da Faransa suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sun raba gonaki da dangi, amma ba su iya raba fuskoki ba. Tsagar da za ka gani a kuncin dattijo a Mai'aduwa ko Zangon Daura, ita za ka sake gani a Matamaye.

Ranar kasuwa na fara aikina. Wanda ya san karatun fuska ba ya buƙatar tambayar kowa daga ina ya fito. Ga Bagobiri mai zube daga gefen baki zuwa kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ga Babarbare mai layuka a tsaye. Ga matan Fulani masu tallan nono da baƙin zane a gefen baki da goshi. Ga mai bille, ga mai kalangu, ga mai 'yar baka, ga mai fashin goshi. Sai dai na lura da abu ɗaya: fuskokin nan duk na manya ne. Yaran da ke tura kura da 'yan matan da ke tallan ƙuli-ƙuli, da wuya ka ga mai zane a cikinsu.

A gindin wata bishiyar dalbejiya na tarar da wanzamai sun shimfiɗa tabarmi. Na zauna wajen mafi tsufansu, wanda ke wasa aska, zabirarsa a gefe, ƙahonninsa a jere. Na ce, "Baba, barka da aiki. Baƙo ne daga Kano, ilimi na zo nema." Ya amsa da fara'a, ya ce in matso. Bayaninsa ya tsaru kamar darasi. Ya ce tsaga iri uku ce, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya bai san sana'ar ba. Akwai tsagar gado, wadda ake yi wa jariri ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, tare da askin fari da cire belu. Wannan ba a zaɓenta, ta uban yaro ce da kakansa. Akwai tsagar magani, wadda ake yi inda ciwo yake. Sannan akwai ta ado, wato jarfa da shasshawa, wadda budurwa ke zuwa da kuɗinta a yi mata a fuska ko wuya ko hannu: a yi ƙananan tsaga da bakin aska, a shafa baƙin tukunya, idan ta warke zanen ya zauna baƙi har mutuwa.

Na tambaye shi ko ya taɓa yi wa yaro tsagar da ba ta gidansu ba. Ya ajiye askar ya dube ni. Ya ce hakan ba ya faruwa sai da dalili, kamar ɗan wabi, wanda 'yan'uwansa ke ta mutuwa suna jarirai, sai iyaye su roƙa a canza masa kama da zanen wasu mutane. In ba haka ba, wanzamin da ya ɗora wa ɗan wani gida zanen wani gida ya ci amanar sana'a, kuma Sarkin Aska zai ji labari. "Malam," in ji shi, "kowane zane da mai shi. Kafin in ɗora aska sai na san uban yaro."

Wannan magana ta dattijon tana da tarihi a bayanta. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, tsaga ita ce shaidar asalin mutum. Yaron da aka sace aka kai nesa, zanen fuskarsa ne ke sa wani fatake ya gane shi, a kai labari gida, a zo a fanshe shi. Har a ƙasashen Amurka da Barazil, sanarwar cigiyar bayin da suka gudu kan bayyana irin zanen da ke fuskokinsu. Wani jami'in Ingilishi mai suna Tremearne ya zana ire-iren tsagar Hausawa a littafinsa na 1913 kan al'adunmu. Har yau tsaga na buɗe ƙofar raha: Bafulatani ya ga zanen Babarbare ya fara tsokana, Bazabarme ya hangi Bagobiri ya ce ga bawansa. Wannan wasan taubasantaka na Nijar ne hukumar UNESCO ta saka cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ashe zane a wajenmu bai taɓa zama abin da mutum ke ɗauka don ya ga ya yi kyau a jikin wani kawai ba. Ko jarfar ado tana da iyaka: akwai wadda ta dace da budurwa, akwai inda ake yin ta, akwai wanda aka yarda ya yi.

Daga rumfar wanzamai na ratsa layin masu daddawa, na durƙusa gaban wata tsohuwa mai jarfa daga haɓa har wuya. Zanen ya dushe, fatar ta tattare, sai ka ƙura ido za ka gane tsarinsa. Na ce, "Iya, wa ya yi miki wannan ado?" Ta yi murmushi ta ce wanzamin garinsu ne, gab da aurenta, ita da sa'o'inta, kuma ba wadda ta yi kuka don kada a yi mata waƙa a dandali. Na tambaye ta ko jikokinta sun yi. Ta girgiza kai. "Ɗan nan, ni na hana. Lokacin ba mu da karatu. Yanzu malamai sun faɗa mana, kuma ga lalle." Ba ta jin kunyar zanenta, ba ta kuma so a gaje shi. Na sami irin wannan matsayi a bakin tsofaffi da dama: suna girmama abin da iyayensu suka yi musu, suna kuma ganin lokacinsa ya wuce.

Da yamma wani ɗan kabu-kabu ya kai ni fadar abokansa, inda samari ke dafa shayi a bakin titi. A nan ne tambayata ta sami masu ita. Wannan yanki yanki ne na 'yan ci-rani. Wasu sun yi Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu Libiya, wasu Legas, da yawa kuma Aljeriya. Duniya ta san sunan Kance ta hanya mai ciwo a watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara 'yan wannan yanki, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya. Wanda ya je ya dawo lafiya yakan dawo da kuɗi kaɗan, da waya, da kuma sabon ido. Ɗaya daga cikin samarin ya miƙo mini wayarsa cike da hotunan 'yan ƙwallo, hannuwansu baƙi ƙirin da zane. Wani ya naɗe hannun riga ya nuna mini harafi biyu da wani abokinsa ya yi masa a ci-rani da allurar ɗinki da tawadar biro. Zanen ya karkace, gefensa ya kumbura.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne wani saurayi mai natsuwa, wanda ya ce, "Kawu, ni ba don gayu ba ne. Mahaifiyata ta rasu ina Tamanrasat, ban samu jana'iza ba. Sunanta nake so a rubuta mini a hannu." Ba wanda ya yi dariya. Niyyarsa ta ƙauna ce, kuma duk mai son yi wa irin wannan yaro nasiha, to ya fara da girmama abin da ke zuciyarsa. Mun daɗe muna magana. Na ce masa a da iyaye da wanzami ne ke ɗaukar nauyin tunani kafin a taɓa fatar mutum. Yanzu da ya zama saurayi shi ke zaɓa wa kansa, nauyin nan gaba ɗaya ya dawo wuyansa, kuma akwai tambayoyin da ba zai tsallake ba.

Ta farko: zanen na wane ne? Hotunan da ke yawo a waya ba marayu ba ne. Layukan da ke murɗewa a kafaɗar 'yan wasa da yawa an ɗebo su ne daga mutanen tsibiran tekun Fasifik. A wajen Maori na ƙasar Niyu Zilan, zanen fuska na faɗin nasabar mutum da matsayinsa, kamar dai zubenmu. Nanaia Mahuta, wadda ta zama ministar harkokin wajen ƙasar a 2020, tana ɗauke da na gidansu a haɓarta, kuma jama'arta na ɗaukar kwaikwayonsa ba da izini ba a matsayin cin fuska. Kibɗawan Masar na yin ƙaramin gicciye a wuyan hannu don shaidar addininsu. A 2014 ƙasar Siri Lanka ta kori wata 'yar yawon buɗe ido 'yar Ingila saboda hoton Buda da ke hannunta. Misali mafi kusa yana nan Damagaram. A fim ɗin gaskiya mai suna Zinder, wanda Aïcha Macky, 'yar garin, ta fitar a 2021, an nuna wata ƙungiyar samari masu ɗaga ƙarfe a unguwar Kara-Kara da suka laƙaba wa kansu sunan Hitila, suna ɗaga tambarinsa, a zatonsu wani jarumi ne kawai. Tambarin da aka kashe miliyoyin mutane a ƙarƙashinsa, na aƙidar da ke ƙasƙanta baƙar fata. Tuta ana iya sauke ta ranar da aka gane gaskiya. Wanda ya sa aka huda masa ita a ƙirji fa? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan doka ta hau kan namu na gida ma. Na ga samarin birni suna sha'awar zanen matan Bororo, ko haruffan Tifinag na Buzaye, ko sarƙar Agadas. Kasancewar mu 'yan ƙasa ɗaya ko maƙwabta bai mayar da gadon wani namu ba. Idan wanzamin ƙauye ya ƙi ɗora zanen Gobirawa a kuncin Badauri, ai mai ilimin boko ya fi cancanta ya san wannan ladabi.

Tambaya ta biyu na kai ta zauren wani malami bayan sallar asuba. Na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin zanen da ba ya fita?" Ya jawo Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya sani, ya nuna mini inda aka hana mata ƙarin gashi da jarfa. Ya ce hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, kuma malamai sun ce hukuncin ya haɗa maza da mata. Ya ambaci aya ta 119 a Suratun Nisa'i, wadda ta danganta canza halittar Allah da umarnin Shaiɗan. Game da masu son a rubuta musu aya ko sunan Allah, ya ce wannan ya fi muni, domin jikin da ke ɗauke da rubutun zai shiga makewayi, zai yi janaba. Amma bai tsaya a kan tsoratarwa ba. Ya ce wanda aka yi wa tsaga yana jariri ba shi da laifin komai, kuma haramun ne a yi masa gori. Wanda ya yi da kansa cikin jahilci ya tuba, alwalarsa da sallarsa sun inganta a wajen malamai da yawa, ba a kuma tilasta masa cirewa idan cirewar za ta cutar da shi. Da na ba shi labarin saurayin nan maraya, ya yi shiru, sannan ya ce a faɗa masa mahaifiyarsa ta fi buƙatar addu'arsa da sadakarsa da zumuncinsa ga danginta. Waɗannan suna isa kabari, tawada ba ta isa.

A Matamaye da kewayenta kusan kowa Musulmi ne, don haka wannan amsa ta yanke magana ga mafi yawan masu tambaya. Amma akwai Hausawa Kiristoci, akwai waɗanda suka ji hukuncin suka zaɓi yi, kuma su ma rayukansu abin kiyayewa ne. Shi ya sa na nemi wani ma'aikacin jinya a garin da tambaya ta uku: da wane ƙarfe, a hannun wa? Ya ce injin zane, wanda wani Ba'amurke Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a 1891, yana soka allura sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti ɗaya, yana ajiye tawada a ƙarƙashin fatar sama, shi ya sa wanka ba ya fitar da ita. Kowace suka ƙofa ce ga jini. Allurar da ta taɓa jikin wani na iya ɗauko ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, kuma mai ɗauke da ciwon hanta na iya shekaru bai san yana da shi ba. Tawadar biro da tokar taya ba a yi su don shiga jiki ba. Ga kuma abin da masu tallan zane ba sa faɗa: baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai kumburi da ke ci gaba da tsiro, musamman a ƙirji da kafaɗa da kunne. Cirewa da na'urar leza na buƙatar zama da yawa da kuɗi masu nauyi, sai a manyan birane, kuma tana iya barin fari-fari a baƙar fata. Gargaɗin nan ya shafi wanzamai ma: aska ɗaya ga jarirai da yawa haɗari ce, sabuwar reza ga kowane mutum ita ce mafita. A Najeriya, sashe na 24 na dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ya haramta yi wa yaro zane ko tsaga.

Tambaya ta huɗu, wato yadda zanen zai zama idan shekaru suka ja, tsohuwar nan mai daddawa ta riga ta amsa ta da wuyanta: fata na tsufa, zane na tsufa da ita. Sunan budurwar da aka rubuta a shekara 20 yana nan ranar da za a je neman auren wata. Yana nan ranar gwajin shiga aikin soja, yana nan ranar da aka ɗaura harami, yana nan a gaban masu wankan gawa. Da-na-sani ƙeya ce.

Kafin in bar garin an gayyace ni wani gida da ake shirin biki, na ga aikin mai ƙunshi a hannun ƙannen amarya. Furanni da ganye da dagi, ja da baƙi, an zana su da ƙwarewar da ba ta gaza ta kowane mai zanen Turai ba. Wannan ado namu ne tun kaka da kakanni. Kafin zuwan kayan kanti, matan Hausa na ɗiga katambiri a fuska, su sa tozali, su ƙunsa lalle, bayan kwanaki ya goge a sake sabo. Addini bai hana ba, jini bai zuba ba, ƙofar canza ra'ayi kuma a buɗe take. Gyara ɗaya ake buƙata: baƙin dayis da ake haɗawa da sinadarin rina gashi yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo, don haka gara a guje shi. Saurayin da ke son dagin Arewa kuwa yana da hula da aikin wuyan riga da zoben azurfa da bangon ɗakinsa, kamar yadda magina suka ƙawata gidajen unguwar Birni a Damagaram.

Abin da na baro Matamaye da shi a fili yake. Kakanninmu sun yi zane, amma ba su yi shi da ka ba: sun san mai shi, sun san ma'anarsa, sun san hannun da zai yi. Da ilimin addini da na lafiya ya yaɗu, 'ya'yansu suka ajiye aska da kansu. Zai zama koma baya a ce jikokinsu sun ɗauki allura don kwafar alamun da ba su san tushensu ba. Shawarata ga saurayi ko budurwar da ke tunanin zanen farko ita ce ya bari, lalle ya wadatar. Wanda kuma ya ƙudura sai ya yi, to kada ya taɓa abin da wasu ke tsarkakewa, kada ya ɗauki gadon wani gida, kada ya miƙa jikinsa ga allurar da ba a buɗe ta sabuwa a gabansa ba, kada kuma ya yi wa yaro.

Iyaye da malamai su saurari matasa kafin su yi musu faɗa, domin sau da yawa a bayan sha'awar zane akwai maraici ko kewar gida ko neman a san da mutum. Masu tsaga a fuska kuma a daina yi musu kallon ƙauyanci, tarihinmu suke ɗauke da shi. Ina kira ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Bayero ta Kano su tura ɗalibai wajen tsofaffin wanzaman Matamaye da Kance da Daura, a rubuta sunan kowane zane da gidan da ke da shi da dalilin yin sa, a ɗauki hotuna da izinin masu su. Masu wannan ilimi tsofaffi ne, kuma 'ya'yansu ba sa koyon sa. A yi wannan aiki yanzu, tun suna raye.